Yatsu Huɗu a Fagen Yashi

Daga Kibiya, ta hannun direban motar Rano.

Zuwa ga ɗana Ɗanlami,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da sa albarka, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta riske ka a Kano kafin ranar da za ka hau jirgin Ikko. Allah ya tsare ka a ƙasa, ya tsare ka a sama, ya tsare ka a bisa ruwan da aka ce za ku ƙetare. Innarka tana gaishe ka. Matarka Binta tana nan wajenmu lafiya lau, kada ka sa damuwarta a ranka.

Da ka buɗe ambulan za ka ga wani ɗan guntun tsinke. Kada ka yar da shi. Ba magani ba ne, ba kuma na sakace ba ne. Ajiye shi a gefe tukuna, in ka kai ƙarshen takardar za ka san ko na mene ne.

Ka yi haƙuri da rubutuna. Ka san bokon nawa na yaƙi da jahilci ne, da furfura a gemu na koye shi, yau kwana uku ke nan ina fama da alƙalami a zaure. Da na so in ba malamin makarantar Rano ya rubuta mini, sai na ga akwai maganar da ba na son kunne na uku ya ji. Kai ne ɗan farina. Tun da aka haife ka ban taɓa kiran sunanka na yanka ba, ban taɓa zaunar da kai mun yi hira ido cikin ido ba, haka muka taras iyayenmu suna yi. Da ka zo sallama makon jiya, ka durƙusa a bakin zaure, na tambaye ka hanya, ka tambaye ni gona, muka rabu. Abin da ke bakina bai fito ba. To, takarda ba ta jin nauyin kowa, bari in sa ta ta faɗa.

An yi mini bayanin tafiyar taku, na kuwa yi ta juya ta a raina. Wai ƙwararru ne zalla daga ƙasashe, mutanen da ba su da gona ba su da kasuwa, bugun ƙwallon nan kaɗai ne sana'arsu. Ku yi kwana huɗu a gari guda, wanda ya yi baya a kwana biyun farko a ce ya koma gefe ya yi kallo, sannan ku naɗe kaya ku nufi wani garin. Daga Ikko sai ƙasar Kenya, daga nan sai wata ƙasar da na kasa riƙe sunanta, har wata uku. Na ce wa innarka, ai wannan cin rani ne, sai dai shi a jirgin sama ake zuwa. Ta ce in daina yi wa ɗanta ba'a.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ciyawa. Shekara ashirin da bakwai na yi ina aiki a filin wasan nan na Kano, wanda wasu ke kira ƙwallon lambu, ni kuwa ban taɓa ganin lambun ba. Namu fagagen da ramukan suke, ka sani, yashi ne da baƙin mai. Mu tankaɗe yashi, mu cakuɗa shi da man da aka juye daga injin mota, mu shimfiɗa, mu daddaɓe. In mai wasa zai gangara ƙwallonsa zuwa rami, sai ni mai shara in ja katakona mai naɗe da buhu daga ƙwallon zuwa ramin, in lailaye masa hanya sumul. Yanzu an ce can inda za ka, fagen kansa ciyawa ce ɗanya shar, babu mai shara, babu katako. Ikon Allah! Wace irin ciyawa ce wannan da ake takawa kullum ba ta mutuwa?

Bari in fara da wautata ta farko, don ta shafi wannan.

Da jaki na shiga Kano cin rani, ina ɗan shekara ashirin, ina ɗora mangalar yashi daga rafi zuwa unguwar Turawa. A nan shugaban ma'aikatan filin, Malam Tanko, wanda muke kira heluma, ya ga ina da ƙwazo ya ɗauke ni. Na yi wata shida ina cakuɗa yashi da baƙin mai ban taɓa tambayar dalili ba. Tsoro nake ji kada a ce baƙauye ne. Wata rana heluma zai tafi suna, ya ce in sabunta yashin da ke kewaye da rami na tara. Na je garwar baƙin mai, ba ko ɗigo. Ofis yana nan kusa, amma in shiga in yi wa akawu magana? Ina! Sai na tuna kakarka ta aiko mini da man gyaɗa kwalba biyu daga gida. Na ce a raina, ai wannan ya fi wancan ƙazantar tsabta, ga ƙamshi, Turawa ma sai sun yi mini godiya. Na juye shi kaf, na cakuɗa, na daddaɓe. Wallahi fagen ya yi kyau, har tsayawa na yi ina kallonsa.

Washegari da hantsi, kiyashin Kano duka sun hallara. Cinnaku sun cika ramin, ga awakin wani gida uku suna lasar yashi. Wani Bature ya zura hannu zai ɗauko ƙwallonsa, sai muka ga ya yi tsalle yana yarfe hannu yana wani yare. Heluma ya sunkuya ya shinshina yashin, ya ɗago ya dube ni, ya ce, "Audu, ƙuli-ƙuli za ka soya mana a nan?" Daga ranar na zama Audu Ƙuli. Har gobe tsofaffin filin haka suke kirana, na san ka sha ji, ka dai yi kawaici ne.

To ka ji. Kunyar tambaya guda ɗaya ta jawo mini sunan shekara ashirin da bakwai. Saboda haka duk garin da kuka sauka, kafin ka je gaida manya, nemi mutumin da ke yanke ciyawar nan. Akwai shi, dole akwai shi, wani talaka ne irina da ba wanda ke kallo. Gaishe shi da kyau, ko ba ka jin yarensa, ka miƙa masa goro in suna ci. Shi ya san inda fagen ya karkata, ya san inda ruwa ke kwanciya. Ka kuma tambayo mini shi: da me yake yanke ta har ta kwanta haka? Sau nawa yake ba ta ruwa? In ciyawar ta kwanta ta fuskanci gabas, tana jan ƙwallo gabas ne? Da safe da raɓa ƙwallo ya fi gudu ko da yamma? Gara ba ta cin ta? Awaki fa, wa ke kore su? In da hali ka ƙunso mini 'ya'yanta a takarda, in gwada a bakin rijiyarmu in gani da idona.

Wauta ta biyu ta fi ta farko nauyi, ko da yake ba wanda ya yi mini dariya a kanta.

Akwai wani likita Bature da muke kira Mai Lofe, don lofen taba ba ya barin bakinsa. Mutumin kirki ne, shi ya yi wa innarka magani lokacin da ta yi ciwon ido. Wata Asabar mai ɗaukar masa jakar sanduna bai zo ba, aka ce in riƙe masa. Gasa suke yi, yana gaba kuma. A rami na goma sha huɗu ƙwallonsa ya karkace ya faɗa gindin wata farar ƙaya. Na riga shi isa. Na ga in ya tsaya a nan ƙaya za ta yayyage masa hannu, ga shi da hannun yake aikin asibiti. Sai na sa ƙafa na ɗan turo ƙwallon fili, taku ɗaya tak. A ganina ladabi na yi, kamar ka kawar wa babba dutse daga hanya.

Ya iso, ya dubi ƙwallo, ya dubi ƙayar, ya ga ɗan gurbin da ƙwallon ya bari a ƙasa. Ya cire lofe. Da Hausarsa ta Turawa ya ce, "Audu, kai ka taɓa?" Na ce, "Ranka ya daɗe, ƙaya ce na gani." Bai yi faɗa ba. Ya ɗauki ƙwallon da hannunsa ya mayar da shi gindin ƙayar, ya kira abokin karawarsa daga can nesa ya gaya masa, ya ƙara wa kansa bugu ɗaya a matsayin horo, alhali a wasan nan mai ƙarancin bugu ne ke ci. Sannan ya shiga cikin ƙayar ya buga, ya fito hannu duk jini. Da bugu ɗayan nan aka cinye shi a ranar.

Na yi kwanaki ina mamakin wannan abu, har yau ban gama ba. Ba wanda ya gani fa, Ɗanlami. Daga ni sai shi sai Allah. A dambe akwai mai rabawa, a kokawa akwai, a langa ma yara suna da mai tsawatarwa. Wannan wane irin wasa ne da mutum zai kai ƙarar kansa, ya yanke wa kansa hukunci, ya kuma zartar? Na tambayi limamin unguwarmu a Kano, ya ce shi bai san wasan ba, amma abin da na kwatanta masa, ai shi ake nema ga mai azumi. Da muka gama a ranar, Mai Lofe ya ce mini magana ɗaya: "Hannunka mai kyau ne, amma ka bar mini ƙwallona inda ya faɗi."

Kai ma ina gaya maka haka. Can ba wanda ya san ka, ba wanda ya san ubanka, daji ne da faɗi, za ka sami kanka kai kaɗai da ƙwallo a mugun wuri ba sau ɗaya ba. Buga shi inda ya faɗi. In sandarka ta taɓa shi ya motsa ko da ƙwayar gero ne, faɗa da bakinka. Yawan bugun da ka yi shi za ka rubuta. Na san ka san wannan, ka ma fi ni sani, za ka ga dalilin da ya sa na ce haka.

Ta uku gajeriya ce, amma innarka ta ce lallai in sa ta. Shekarar da aka fara shirya wa ma'aikata tasu gasar, na zo gida na cika baki a kasuwar Rano, na ce da kofi zan dawo. Har wani ɗan Rurum ya ce zai yanka mini zakara. Aka yi gasa, na zo na ƙarshe, na bayan na bayan. Kunya ta hana ni dawowa. Ruwa ya sauka, kowa ya yi shuka, ni ina Kano ina ɓuya, ban zo ba, ban aiko ba. Ƙanena ne ya taimaka ya shuka mana gonarmu bayan ya gama tasa, a makare, dawar ba ta yi kai ba. Har an fara raɗe-raɗin ko na mutu. Da na lallaɓo na dawo, innarka tana ɗauke da kai a baya, ba ta ɗaga murya ba. Ta ajiye mini ruwa ta ce, "Malam, mu nan gidan ba kofi muke ci ba."

Za a yi makon da za a ce ka koma gefe. Mai yiwuwa ba ɗaya ba, don mutanen nan a kan ciyawa aka haife su, kai kuwa yanzu za ka fara gaisawa da ita. To a wannan makon ne nake son takardarka, ba sai ranar da ka yi abin kirki ba. Rubuto wa Binta, ko layi biyu ne. Ka ce an kayar da ni, ina lafiya, abincinsu kaza ne. Kada ka bar yarinyar nan tana kasa kunne duk lokacin da motar Rano ta tsaya.

Yanzu na zo kan abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Duk waɗancan share fage ne.

Kana ɗan shekara bakwai na fara kama ka a bayan gida kana bugun ƙwallon goruba da wata lanƙwasasshiyar sandar geza. Na daka maka tsawa na ce ka wuce gona. Abin da ba ka sani ba, na zagaya ta bayan danga na tsaya ina leƙenka. Na ga yadda kake juya kafaɗa, na ce a raina, wannan yaron a ina ya gani? Daga baya da ka biyo ni Kano, ka yi ɗaukar jaka, ka zama mai koya wa mutane, har ka fi masu sandunan iyawa, ban taɓa ce maka sannu ba. In ana yabonka a gabana sai in sunkuyar da kai in ci gaba da shara. Heluma ya kan ce, "Audu Ƙuli, ɗan nan naka fa dodo ne." In ce, "Oho, yana dai taɓawa." Alhali zuciyata kamar ta fasa riga.

Sai ga ranar nan ta watan jiya. Gurbi ɗaya ne, mutum ɗaya za a tura yawon gasar daga Arewa, aka tace aka tace ya rage kai da Bitrus, mutumin Jos. Ka san duk wannan, amma bari in faɗa maka yadda ya kasance daga inda nake tsaye. Ni aka sa sharar fage na goma sha takwas, wato na ƙarshe. Heluma, da tsufansa, ya ja ni gefe da safe ya ce, "Ko in sauya ka? Ɗanka ne fa." Na ce, "Haba Malam Tanko, shekara nawa?" Ya ce shi ke nan.

Kuka iso kunnen doki. Jama'a ta kewaye fage, Turawa da 'yan ƙasa, har masu gadi sun bar ƙofa. Ƙwallon Bitrus ya fi nisa, shi zai fara. Na ja masa katako tsakani da Allah, sumul, ba abin da na rage. Ya buga, ƙwallon ya leƙa ramin ya wuce da kaɗan, ya ƙarasa shi. Saura kai. Taku shida tsakaninka da ramin. In ya shiga ka tafi, in bai shiga ba sai an sake.

Na ɗora katako a gaban ƙwallonka. Wallahi, Ɗanlami, ban kwana da niyyar ba, ban tashi da ita ba. Amma na dube ka tsaye riƙe da sanda, sai na tuna yaron nan na bayan danga. Na ji tsoro. Na fara ja, da na yi kamar taƙi ɗaya daga ƙwallon sai na karkata katakon, na danna gefensa. Ka san aikin shekara ashirin da bakwai. Na bar wani siririn kwari, miƙaƙƙe har bakin rami, wanda ba zai fi kaurin zare zurfi ba. Mai tsaye ba zai gan shi ba. Ƙwallo kuwa in ya faɗa ciki, ko makaho ne ya buga sai ya kai shi gida. Na koma gefe na rungume katakona.

Ka tsuguna a bayan ƙwallo kamar yadda ka saba. Ka daɗe. Ka daɗe ƙwarai, har wani Bature ya duba agogo. Sannan ka ɗago kai ka dube ni. Sau ɗaya tak. Tun da ka yi wayo ba ka taɓa kallon tsakiyar idona ba sai ranar. Ka miƙe, ka gyara tsayuwa, ka buga. Ni ban ga shigarsa ba, idona a rufe yake. Ihun mutane kawai na ji.

Aka ɗaga ka sama, aka yi cikin kulob da kai. Bitrus, Allah ya saka masa, har da shi a masu tafi. Kowa ya watse, ya rage ni kaɗai a fage da la'asar sakaliya, aikina ne in share in tafi. Na ɗaga katako ke nan sai na ce bari in duba. Ka san amfanin yashi, ba ya ɓoye sawu. Na durƙusa.

Ga kwarina nan, miƙe, ba abin da ya taɓa shi. Ga kuma sawun ƙwallonka daban. Tun daga farko ya bar layina ya yi dama, ya hau inda fagen ya ɗan tashi ta wajen bishiyar maɗaci, ya yi baka, gangaren ya dawo da shi a hankali, ya shiga ramin ta gefe. Ko sau ɗaya bai taka abin da na haƙa ba. Hanyar da ka bi ta fi wuya nesa ba kusa ba, ni da na daddaɓe fagen da hannuna ban tabbata zan iya ba ko a ba ni bugu goma.

Na tsinko tsinke a gefen fage, na aza shi a inda layukan biyu suka fi nisa da juna, na karya shi daidai. Yatsu huɗu ne. Shi ne wannan da ke cikin ambulan.

Sannan na share fagen, na kai wa heluma katakon na ajiye a gabansa. Ya ce, "Lafiya?" Na gaya masa duka, ban rage ba. Ya ce, "Ƙwallon ya bi ta ciki?" Na ce bai bi ba. Ya tashi da sandarsa, ya ce in kai shi, na ce na riga na share. Ya dube ni ya ce, "Ban taɓa kama ka da ƙarya ba, wauta dai na sani. Yaron ya ci abinsa. Amma kai ka gama shara." Na ce ai shi ya sa na kawo katakon. Mutane suna cewa na bar aiki ne don ɗana ya zama babban mutum, na dawo Kibiya in huta. Ba haka ba ne. Hannun nan nawa da ya turo wa Mai Lofe ƙwallo, shekara ashirin bai ji magana ba.

Ga abin da nake so ka sani kafin ka hau jirgi. Gurbin nan naka ne, halak malak. Ba ka ci haƙƙin Bitrus ba, ni ne na so in ci maka, Allah bai nufa ba. In wata rana a can, an kayar da kai, kana zaune a masauki, shaiɗan ya raɗa maka cewa da ma ba da ƙarfinka ka zo ba, ɗauko tsinken nan ka duba. Ni na auna, ni ne kuwa mutumin da ya fi kowa sanin yashin nan.

Ga kuma abin da ke cina. A ranar da ta fi kowace rana a wurinka, ubanka bai yarda za ka iya ba. Gaskiya ke nan, ba zan yi mata kwalliya ba. Na ɗauka ƙauna ce, da na durƙusa na ga sawun nan sai na gane raini ne. Na raina ka, kai kuwa ka fi ƙarfin taimakona. Ka yafe mini. Ban san yadda uba ke roƙon ɗansa gafara ba, ban taɓa ganin an yi ba, amma ga shi na yi.

Saura tambayata, don ka san ni da son sani, ita ce kuma ta hana ni sakat tun ranar. Ka gan shi? Da ka tsuguna ka daɗe, kwarin ka hango ka ƙi shi, ko kuwa gangaren kawai ka karanta ka bi abin da idonka ya ba ka? Kallon da ka yi mini, na mene ne? Na juya shi ta kowace fuska. Wata rana in ce fushi ne, wata rana in ce yaro ne kawai ya nemi idon ubansa don ya sami ƙarfi, ni kuwa na tsaya ina rungume da katako kamar ɓarawo. Da ka zo sallama na yi ta satar kallonka ko zan gane. Ka ci tuwo kaɗan, ka yi maganar ruwan bana, idonka a ƙasa. To ai kullum haka kake a gabana, ni na koya maka. Ban gane komai ba.

In ka gani, rubuto ka ce na gani. In ba ka gani ba, ka ce ban gani ba. Kowanne ne zan ɗauka. In kuma ka ga ba za ka iya amsawa ba, ba zan sake tambaya ba, ka dai ba ni labarin ciyawar.

Abu ɗaya ya kwantar mini da hankali game da wannan ciyawa, duk da ban san ta ba: an ce ba mai shiga tsakanin mutum da raminsa. Madalla. Je ka inda hannuna ba zai kai ba.

Allah ya kai ka lafiya ya dawo mana da kai lafiya. Allah ya kiyaye ka daga sharrin hanya, da sharrin baƙon ruwa, da sharrin mai taimako irina. Ka riƙe salla ko a ina rana ta same ka, ka tambayi alƙibla, kada ka ji kunya. Innarka ta sa maka albarka, ni ma na sa maka, duniya da lahira.

Ka iya, Haruna. Tun kana bugun goruba na san ka iya.

Wassalam. Ni ne mahaifinka,
Audu, wanda ake kira Ƙuli.